Ƙashi ya kama, gaɓar fa? Abin da ke biyo bayan tiyatar karayar idon sawu

A Tawa, idan mutum ya faɗi a moto ko ya zame a bakin rijiya ya karye a idon sawu, tambayar ƴan dubiya guda ce: "Ya kama?" Da an ce ƙashi ya kama sai a yi hamdala, kowa ya kama gabansa. Ga likitan ƙashi kuwa, wannan ce tambaya mafi sauƙin amsa. Ƙasusuwan idon sawu ba su cika gardamar haɗuwa ba. Cikin mako 6 zuwa 12 galibi sukan kama, ko an sa ƙarfe ko ba a sa ba, ko a daidai ko a karkace. Abin da ke raba wanda zai taka ƙafarsa lafiya har tsufa da wanda zai fara ɗingishi tun bai yi furfura ba shi ne wurin da ƙashin ya kama, da kuma ko gaɓar ta koma ta zauna daram. Wannan kuwa ba a ganin sakamakonsa ranar da aka kwance ɗauri. Sai shekaru sun ja.

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu suka yi gaɓar. Akwai babban ƙashin ƙwauri, wanda ƙarshensa ya yi rufin gaɓar kuma ya sauko ta ciki ya zama idon sawu na ciki. Akwai siririn ƙashin da ke gefensa, wanda ƙarshensa shi ne idon sawu na waje. Su biyun sun yi wani gurbi, a cikin gurbin kuma ƙashi na uku yake zaune, talus, wanda ke karɓar nauyin jiki ya miƙa wa dunduniya da tafin ƙafa. Jijiyoyi masu tauri ne ke riƙe da su: wasu sun ɗaure ƙasusuwan ƙwauri biyu da juna daga sama kaɗan da gaɓar, wata mai faɗi tana riƙe da gefen ciki, wasu uku suna gefen waje. Zaman talus a gurbinsa kamar zaman ruwan gatari ne a ƙota. Idan ramin ƙotar ya buɗe ko da kaɗan, gatarin zai ci gaba da sara, amma kowane sara yana ƙara cin itacen.

Fuskar waɗannan ƙasusuwa, inda suke gogar juna, lulluɓe take da guringuntsi, kuma na idon sawu siriri ne ƙwarai, kaurinsa bai cika kai milimita 2 ba. A kansa ne nauyin da ya kai ninki huɗu zuwa biyar na nauyin mutum ke sauka a kowane taku. Yana iya ɗaukar wannan kaya tsawon rai saboda dalili ɗaya: fuskokin sun dace da juna cif, nauyin yana bazuwa ko'ina. A 1976 wasu masu bincike biyu a Amurka, Ramsey da Hamilton, suka gwada abin da ke faruwa idan talus ya gusa waje. Gusawar milimita 1 kacal ta rage faɗin wurin da ƙasusuwan ke haɗuwa da kashi 42 cikin 100. Nauyi bai ragu ba, wurin ɗaukarsa ya kusa rabewa biyu. Guringuntsi kuma ba ya da hanyoyin jini, in ya cinye ba ya tsirowa kamar fata. Shekara ɗaya bayan nan, a 1977, Yablon da abokan aikinsa suka nuna cewa talus bin idon sawu na waje yake yi duk inda ya nufa. In siririn ƙashin nan ya kama a gajarce ko a juye, talus ma a goce zai zauna.

Wannan milimita ɗaya ita ce dukkan hujjar tiyata. Babu hannun da zai laluba ta a ƙafar da ta kumbura, ko na likita ko na mai ɗori.

Sai dai kada a ɗauka kowace karaya wuƙa take so. Likitoci kan duba inda siririn ƙashin ya karye, bisa rabon da ake jingina wa Danis ɗan Beljiyam da Weber ɗan Suwizalan: A idan karayar tana ƙasa da gaɓar, B idan tana daidai da ita, C idan tana sama. Yawanci gwargwadon hawan karayar sama, gwargwadon yiwuwar ɗaurin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu ya yage. Amma abin da ya fi harafin muhimmanci shi ne ko gefen ciki ya tsira. Idan idon sawu na waje kaɗai ya karye, jijiyar ciki na nan lafiya, talus bai motsa ba, to gaɓar tsayayya ce. Irin wannan ba ta buƙatar ƙarfe. Wani bincike da aka yi a Finlan aka buga a 2019 ya nuna ma ɗaurin mako 3 ya wadatar mata, ba sai an kai mako 6 ba. Kuma irin wannan karayar tana da yawa. Ita ce take warkewa sumul a hannun masu ɗorin gargajiya, ita ce kuma ta gina musu sunan da suke da shi. Ni ba na cikin masu cewa ba su iya komai ba. Matsalar ita ce daga waje tsayayyar karaya da wadda ta goce kamanninsu ɗaya: kumburi, zafi, kasa takawa. Hoton radiyo, wato hoton ƙashi na asibiti, shi ne ke raba su, wani lokaci ma sai an ɗauke shi mutum na tsaye a kan ƙafar, ko likita na murɗa ta. Akwai wata karayar da likitan Faransa Maisonneuve ya bayyana tun 1840, wadda siririn ƙashin ke karyewa can sama kusa da gwiwa alhali ɓarnar tana idon sawu. Wanda ya ɗauki hoton idon sawu kaɗai yana iya cewa targaɗe ne.

Idan gefe biyu suka karye, ko aka ƙara da leɓen baya na babban ƙashin ya zama uku, ko ƙafar ta goce gaba ɗaya, nan ne aikin tiyata. Hanyar da ake bi yau a babban asibitin jihar Tawa, da Galmi, da asibitocin Yamai, tushenta ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin ƙashi ta AO ta shimfiɗa bayan kafuwarta a Suwizalan a 1958: a buɗe, a mayar da kowane ɓalli mazauninsa ana gani da ido, a riƙe shi da farantin ƙarfe da kusoshi, sannan a fara motsa gaɓar da wuri. Ƙarfen ba ya warkar da komai. Aikinsa ya hana ƙashi gusawa har jiki ya gama nasa.

To, bayan shekaru me ake samu? Wani nazari da Stufkens da abokansa suka buga a 2011 ya tattara karaya 1,822 da aka yi wa tiyata aka bi su kimanin shekara 5. Cikin waɗanda aka mayar da ƙashinsu daidai, kusan kashi 79 cikin 100 sun samu sakamako mai kyau. Adadi ne mai kwantar da hankali, amma a juya shi a gani: mutum ɗaya cikin biyar, duk da aikin ya yi kyau, bai koma yadda yake so ba. A birnin Janiba na Suwizalan kuma an bi mutum 102 har kimanin shekara 18 bayan tiyata, aka samu kashi 36 cikin 100 hotonsu na nuna gaɓar ta cinye sosai. Waɗanda abin ya fi samu su ne masu karaya irin ta C, da waɗanda idon sawu na ciki ya karye, da waɗanda ƙafar ta goce lokacin haɗarin, da masu ƙiba, da waɗanda suka haura shekara 30 lokacin da suka karye. Ba duk wanda hotonsa ya nuna lalacewa ke jin ciwo daidai da hoton ba. Akwai masu yawo da gaɓar da likita zai gani ya girgiza kai, su kuwa suna nomansu. Amma alƙiblar a fili take.

Me ya sa aiki mai kyau ba ya ba da tabbaci? Saboda wani ɓangare na ɓarnar ya riga ya faru a daƙiƙar da aka faɗi. A shekara ta 2000 wani likitan ƙashi, Hintermann, ya leƙa cikin gaɓoɓi 288 da suka karye da ƙaramar kyamara kafin a gyara su, ya tarar kashi 79 cikin 100 guringuntsinsu ya ji rauni, mafi yawa a kan talus. Wannan rauni ba ya fitowa a radiyo, kuma kusa ba ta gyara shi. Saboda haka likitan da ya ce wa majinyaci "za ka koma kamar ba ka taɓa karyewa ba" ya yi alkawarin da ba a hannunsa yake ba. Abin da ke hannunsa shi ne kada ya ƙara wa guringuntsin da ya ji ciwo wahalar zama a karkace.

Wurin da aikin ya fi wuya, har ga ƙwararru, shi ne ɗaurin nan na tsakanin ƙasusuwan ƙwauri biyu. In ya yage, gurbin talus ya buɗe ke nan, ko da an gyara duk ɓallin da ya karye. Akan matse ƙasusuwan da doguwar kusa da ke ratsa su biyun, ko da wani zare mai ƙarfi da maɓallan ƙarfe a gefe da gefe. Wahalar ita ce siririn ƙashin yana da ɗan kwarmin da yake kwanciya a jikin babban, kuma abu ne mai sauƙi a matse shi ya ɗan yi gaba, ko baya, ko a juye. A 2006 Gardner da abokansa a Amurka suka ɗauki hoton sikana, mai nuna ƙashi yanki-yanki, na mutum 25 da aka yi wa wannan aiki, suka ga 13 ba su zauna daidai ba, alhali radiyo na yau da kullum bai nuna ko rabin wannan adadi ba. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar cewa waɗanda nasu bai zauna daidai ba sun fi fama bayan shekara 2. Shi ya sa likitoci da dama suka koma buɗe wurin su gani da idonsu, kuma suka daina raina leɓen baya. A da ana cewa in bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na fuskar gaɓar ba a bar shi. Yanzu an gane cewa jijiyar baya ta wannan ɗauri a jikinsa take maƙale, mayar da shi wurinsa sau da yawa shi ke mayar da ɗaurin gaba ɗaya. Duk wanda aka yi wa irin wannan aiki, wata shida suka wuce yana jin ciwo sama kaɗan da idon sawu ko yana jin ƙafar ba ta amince masa a kan duwatsu, yana da haƙƙin ya nemi sikana, ko da za ta kai shi Yamai.

Abin da ya fi damuna a lamarin nan shi ne nisan da ke tsakanin sababi da sakamako. Ciwon cinyewar gaɓa a gwiwa da ƙugu yawanci na tsufa ne. A idon sawu ba haka ba: kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na masu shi tsohon rauni ne ya jawo musu. Wani bincike na Suwizalan a 2009 ya auna tsawon lokacin da ke tsakanin karaya da lalacewar gaɓar gaba ɗaya, ya samu kimanin shekara 21. Ɗan kabu-kabun da ya karye yana da shekara 24, aka ɗora shi a karkace, ya koma kan moto bayan wata biyu, ya tafi ci-rani Abijan ya yi dako, zai fara jin ƙafar na yi masa nauyi da asuba yana da shekara 40 da ƴan kai, lokacin da yake da iyali masu ci a hannunsa. A lokacin babu mai tuna faɗuwar. Za a ce sanyi ne, ko amosani, ko an taka wani abu. Mai ɗorin da ya yi aikin wataƙila ya rasu da shaidar cewa hannunsa na da albarka, kuma shi kansa bai taɓa sanin abin da ya biyo baya ba.

Lokacin zuwa asibiti ma yana cikin lissafin. Ƙafar da ta goce dole a ja ta a daidaita ta cikin sa'o'i, domin ƙashin da ke tokare fata daga ciki yana kashe ta. Tiyatar kanta ko dai a yi ta tun kumburi bai hau ba, ko a jira mako ɗaya zuwa biyu har fatar ta fara tamoji. Bayan mako uku zuwa huɗu sabon ƙashi ya fara cika tsakanin ɓallayen, sai an kankare shi kafin a mayar da su, kuma dacewar ba ta cika kai ta farko ba. Mafi yawan waɗanda ke zuwa daga ƙauyukan Adar bayan sun gwada gida a wannan hali suke isowa, wasu ma da fatar da karan ɗori da matsin tsumma suka sale, wadda ba a iya tsaga ta sai ta warke.

Jikin majinyaci yana da nasa rabon. A Suwidin an bi mutum 906 da aka yi wa wannan tiyata, aka ga ruɓa mai zurfi a wurin aikin ta kama kusan kashi 5 cikin 100 na masu shan taba, marasa sha kuwa ba su kai kashi 1 ba. Ciwon suga ya fi wannan haɗari, musamman ga wanda jijiyoyin ƙafarsa suka mutu har ba ya jin ƙaya. Shi zafi ba ya gargaɗinsa, yana iya taka ƙafar har kusoshi su tuge bai sani ba, don haka akan ƙara masa ƙarfe kuma a ninka masa lokacin hana takawa. Ga tsofaffi kuma akwai labari mai daɗi. A Birtaniya an raba mutum 620 da suka haura shekara 60, masu karayar da ba tsayayya ba, wasu aka yi musu tiyata, wasu aka sa musu barci aka daidaita ƙafar aka ɗaure ta da siminti mai bin jiki. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna bayan wata 6 amfanin ƙafar daidai yake, haka kuma bayan shekara 3. Amma a lura da sharaɗin: an riƙa ɗaukar hotonsu, kusan ɗaya cikin biyar na ƴan siminti da aka ga ƙashinsu ya gusa an mayar da su tiyata. Tsohuwa mai ƙashi marar ƙwari ba lalle sai an tsaga ta ba, amma lalle sai an bi ta da hoto.

Akwai kuma abin da ma'aunin Turai ba ya ba nauyin da ya kamata a wurinmu. Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen auna warkewar idon sawu, na Olerud da Molander na 1984, maki 100 ne, kuma tsuguno maki 5 kacal ya samu. Mutum na iya cin maki 95 a rubuta shi cikin waɗanda suka warke sarai alhali ba ya iya tsugunawa. A ƙasar da ake zama a kujera wannan ƙaramin abu ne. A nan makewayi na tsuguno ne, alwala a tsugune, girki a tsugune, sujada na buƙatar yatsu su lanƙwashe, zaman tahiya kuma a kan ƙafar hagu yake, idon sawu na waje na danne da ƙasa, daidai inda farantin ƙarfe yake kwance ƙarƙashin fata marar tsoka.

A ɗakin kine, inda ake motsa gaɓoɓin majinyata, akan ga yadda ake gwada wannan. A tsayar da dattijo gaban bango, babban yatsansa ɗan nesa da bangon, a ce, "Baba, kai gwiwarka ta taɓa bango, kada dunduniya ta tashi." Ya yunƙura, dunduniyar ta ɗaga. A matso da ƙafar har sai ya iya, a auna tazarar, a gwada da lafiyayyar. Lafiyayya takan kai wajen santimita 10, wadda ta daɗe a ɗaure wani lokaci ko 2 ba ta kaiwa. Dattijon ya ce, "Ɗana, ni ba gudu zan yi ba. In dai zan yi salla ba a kujera ba, ya ishe ni." Wannan buƙata tasa ita ce mafi wuyar biya, domin lanƙwasa ƙafa sama shi ne motsin da ke fara tafiya kuma shi ke ƙarshen dawowa. Ana samun sa ne da miƙa jijiyar dunduniya kullum, safe da yamma, wata da watanni, kuma ƙafa kan ci gaba da samun sauƙi har shekara ɗaya, wani lokaci biyu. Kumburin yamma da ke ɗaukar watanni ba alamar aikin ya ɓaci ba ne.

Tsoron takawa ma yana sandarar da ƙafa. An daɗe ana hana majinyaci taka ƙafa mako 6 bayan tiyata. Wani babban gwaji a Birtaniya da aka buga a 2024, mai mutum fiye da 500, ya nuna cewa waɗanda aka bari suka fara takawa bayan mako 2 ba su fi sauran samun matsala ba, kuma ƙafarsu ba ta gaza ta sauran aiki ba. Wannan hukunci ne na likitan da ya ga ƙashin da idonsa ya san ƙarfin riƙon da ya yi, ba na majinyaci ko maƙwabcinsa ba. Takawa a tsakar gida kuma daban take da komawa kan titi. An auna a Amurka a 2003 cewa saurin taka birkin mota da ƙafar dama ba ya dawowa daidai sai wajen mako 9 bayan aiki, balle mai moto da ke tayar da inji da ƙafa yana dogara ta cikin rairayi da fasinja a baya.

Maganar cire ƙarfe gajeruwa ce. Ba ya tsatsa a jiki, ba ya ruɓewa, kuma in bai dami mutum ba ana barinsa har abada. Ana cire shi idan ya ruɓar da wurin ko yana tokarar fata, bayan ƙashi ya gama kamawa. Wanda ke son a cire don ciwo ya sani cewa a wani bincike rabin waɗanda aka cire wa ne kawai suka ji sauƙi, saboda sau da yawa ciwon daga cikin gaɓar yake. Doguwar kusar da ke ratsa ƙasusuwa biyu takan sassauta ko ta karye bayan an fara tafiya, kuma ganin haka a hoto ba abin tashin hankali ba ne. Gwajin da aka yi a Holan a 2021 ya nuna cire ta ga wanda ta dama kaɗai ya wadatar.

Wanda ya riga ya kama a karkace kuwa, ƙofa ba ta rufe ba tukuna. Muddin guringuntsi bai ƙare ba, ana iya sake yanka siririn ƙashin, a mayar masa da tsawonsa da juyinsa, talus ya koma gurbi, kuma wannan kan jinkirta lalacewar shekaru masu yawa. Alamomin da ya kamata su kai mutum hoto su ne idon sawun da ya fi ɗan'uwansa faɗi, takalmin da ke cinyewa gefe guda, da ciwon da ke tashi bayan tafiya ya kwana. In aka bari har ƙashi ya fara gogar ƙashi, abin da ya rage shi ne a kankare ragowar guringuntsin a haɗe talus da babban ƙashin su zama ɗaya. Aikin yana kashe ciwo sosai, mutum ya yi tafiyarsa har ya yi noma. Amma gaɓar ba za ta ƙara lanƙwashewa ba, tsuguno da dunduniya a ƙasa ya ƙare, kuma ƙananan gaɓoɓin da ke ƙarƙashinta su ke gadar motsin, su ma bayan shekaru sukan fara cinyewa.